Ƙungiyar Ƙwallon Unguwa Da Renon Yara: Amsa Ga Wani Mai Sauraro Daga Dudunni

Wasiƙar da za mu amsa yau ta fito ne daga Dudunni, can wajen Kankia da Kusada a Jihar Katsina. Wanda ya aiko ta manomi ne, yana kuma taɓa sayen hatsi a kasuwannin ƙauye idan rani ya yi. Ya roƙe mu kada mu faɗi sunansa saboda maganar ta shafi iyalinsa, mun kuwa karɓi roƙon.

Malamin ya ce samarin unguwarsu suna da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, har sun sa shi cikin iyayen ƙungiya. Ɗansa mai shekara 14 yana cikin ƙananan da ke buga mata wasa, kuma kowa na yaba ƙafarsa. To, kwanan baya wani mutum ya zo daga birni ya kalli wasa, ya ce zai kai yaron gwaji Turai, amma sai an biya kuɗin fasfo da biza da jirgi. Kuɗin sun kai na sa guda, shi kuwa Malam shanun huɗa biyu gare shi. Yana tambaya, ya sayar da ɗaya ko kuwa? Tambayarsa ta biyu ita ce, yaya ƙungiyoyin da suka yi suna suka faro, kuma me ƙaramar ƙungiya irin tasu za ta yi don yaran da take reno su amfana?

To, Malam, bari mu fara da ta gaggawa. Kada ka sayar da san nan. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, watau FIFA, tun 2001 take da dokar da ta hana a ɗauki yaron da bai cika shekara 18 ba daga ƙasarsa a kai shi buga wa kulob a wata ƙasa. Akwai 'yan wuraren da aka sassauta. Alal misali idan iyayen yaro ne suka yi ƙaura saboda wani dalili da bai shafi ƙwallo ba, ko kuma idan gidansu bai wuce kilomita 50 daga kan iyaka ba, shi ma kulob ɗin da ke tsallake bai wuce haka ba. Wannan ta biyun tana iya yi wa yaron Jibia ko na Mai'adua amfani idan kulob ɗin Nijar ne, amma ba ta kai kowa Turai. Ko gwaji kawai za a je, ƙa'idar yanzu ta ce yaron Afirka sai ya shiga kakar wasan da zai cika 16, da izinin iyaye a rubuce, kuma ta hana a nemi lada a kan gwajin. Ka ga ke nan mutumin nan ya yi maka alkawarin abin da babu kulob ɗin kirki da zai yarda ya karɓa. Idan ya dawo, ka ce ya nuna lasisinsa na wakilin 'yan wasa, domin FIFA tana da jerin sunayen masu lasisi a intanet, kowane yaro mai waya zai iya duba maka. Ka kuma ce ya kawo takardar gayyata daga kulob ɗin, ku kai ta ofishin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Jiha a Katsina a tantance. Ina kyautata zaton daga nan ba za ka ƙara ganin ƙeyarsa ba.

Kada ka ɗauka talaka kaɗai dokar take hawa. Ahmed Musa, wanda kowa ya sani, ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa ci a ƙasar nan a shekarar. Kulob ɗin VVV-Venlo na ƙasar Holan ya saye shi, amma dole aka zauna jira har ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin a ba shi izinin buga musu wasa. Waɗanda suka bi ta bayan gida kuwa, labarinsu ba daɗin ji. A 2015 gidan rediyon BBC ya bankaɗo yadda wani kulob mai suna Champasak United a ƙasar Lawos, can kudu maso gabashin Asiya, ya kwashi yara 23 daga Afirka ta Yamma da sunan makarantar ƙwallo. Aka tarar suna kwana a ƙasa cikin wani ɗaki a filin wasa, babu karatu, babu likita. Iyayensu ma sun yi zaton sun kama hanyar arziki.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi tsawo. Ƙungiyoyin da muke ji a rediyo ba duka suka faro iri ɗaya ba. Katsina United ta gwamnatin jiha ce, an kafa ta a 1994, shekara bakwai bayan ƙirƙiro jihar. Ta fito da ƙarfinta, ta je wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, sau ukun kuma kofin na kuɓuce mata. Bayan nan ta daɗe a ƙasa, akwai ma lokacin da ake kiranta Spotlight, sai a 2016 ta sami hayewa babbar gasa. Kano Pillars kuwa haɗin gambiza ce. A 1990 aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka sami Sai Masu Gida, waɗanda suka ɗauki kofin ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Kafin su akwai Raccah Rovers, ita ma ta Kano, da ta zama zakaran Nijeriya a 1978. Dattawa suna tuna ta, amma ta watse tuntuni, yaran yanzu ko sunanta ba su sani ba. A Yamai ta Nijar ne aka fi ganin asalin unguwa ƙarara, domin can da lambar yanki ake kiran ƙungiyoyi. Wadda ake kira yanki na 7 ita ta koma Sahel a 1974, ta yanki na 6 kuma ta koma Olympic, dukansu sun sha ɗaukar kofin ƙasarsu.

Amma misalin da ya fi kama da naku yana ƙasar Gana. A birnin Akara, wanda fatakenmu ke kira Ankara, akwai unguwar Nima. Zango ce, cike da jikokin mutanen da fataucin goro da aikin soja da neman abinci suka kai kudu, kuma Hausa ce harshen kasuwa da na titi. Unguwa ce mai cunkoso, gida a jikin gida. A nan akwai wata ƙaramar ƙungiyar yara mai suna Strong Tower, filinta ƙasa ce da tsakuwa, babu ciyawa ko ɗaya. Mai koyar da yaran, wanda ake wa laƙabi da Ayoba, shi ya ga wani ɗan yaro mai buga ƙwallo da hagu ya jawo shi ciki. Yaron shi ne Mohammed Kudus, wanda aka haifa ranar 2 ga Agustan 2000.

Abin lura shi ne Strong Tower ba ita kaɗai take wasanta ba. A Gana akwai tsohuwar gasar yara ta unguwanni da suke kira kolts, ana raba yara aji aji bisa shekarunsu, kowane yaro da katinsa mai hoto, ƙungiyoyin kuma suna ƙarƙashin hukumar ƙwallon ƙasar. Saboda haka masu neman yara sun san inda za su je su tsaya su kalla. Ta haka makarantar Right to Dream ta ga Kudus ta ɗauke shi yana wajen shekara 12. Wani Baturen Ingila mai suna Tom Vernon ne ya kafa makarantar a 1999, a lokacin da Kudus ya shiga tana bakin kogin Bolta, kuma ta kwana ce, ana karatun boko ana kuma ƙwallo, ba a karɓar ko kwabo daga iyaye. Ka riƙe wannan, Malam. Shekara shida yaron ya yi a can cikin ƙasarsa. Masu makarantar suna da kulob nasu na kansu a Denmak, watau Nordsjaelland, wanda suka saya a 2015, amma duk da haka sai da ya cika 18 a 2018 sannan ya buga musu wasan farko. Daga nan Ajax ta Holan ta saye shi a 2020 kan Yuro miliyan 9. Ya ci wa Gana ƙwallo biyu a wasansu da Koriya ta Kudu a gasar duniya ta 2022, ya koma West Ham ta Ingila a 2023, sannan Tottenham ta saye shi a 2025 kan kuɗin da aka ce sun kai fam miliyan 55.

To, ina ruwan ƙungiyar unguwa da waɗannan miliyoyi? Da ruwanta ƙwarai, kuma nan ne yawancin ƙungiyoyinmu na Arewa suke tafka asara ba su sani ba. Dokar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa mai kwantiragi daga wata ƙasa zuwa wata, za a cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekarar da ya cika 12 zuwa wadda ya cika 23. Ga yadda rabon yake. A ce an sayar da yaro fam miliyan 10. Kashi 5 cikin 100 ya kama fam dubu 500. Kowace shekara ɗaya da ya yi a hannunku tsakanin 12 da 15 tana da fam dubu 25, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma tana da fam dubu 50. Ƙungiyar da ta riƙe yaro daga 12 zuwa 15 ta tashi da fam dubu 100 ke nan. Ku kai wa ɗan canji wannan lissafi ku ji abin da zai ce. Kuma ba sau ɗaya ake biya ba, duk lokacin da aka sake sayar da shi haka sai an sake cirewa. Kai da kake sayen hatsi ka san kamashon dillali, to wannan kamashon mai reno ne. Shekarun da yaro ya yi kafin ya kai 12 ne dai ba su shiga lissafi.

Sai dai fa kuɗin nan ba sa bin shaidar baki. Ko duk mutanen Dudunni za su rantse cewa a filinsu yaro ya koyi ƙwallo, idan ba a rubuce yake ba, ba a yi komai ba. A 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Faris wanda ta hannunsa ake biyan waɗannan kuɗi, shi kuwa abin da yake dubawa shi ne tarihin rajistar ɗan wasa a na'ura: wace ƙungiya ta yi masa rajista, daga wace rana zuwa wace rana. Shekarun da babu sunan kowa a kansu, ƙungiyar unguwa ba ta ganin komai daga cikinsu. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne yaro ya shekara huɗu a ƙauye ana saya masa takalmi da kuɗin karo-karo, sai wata makarantar ƙwallo ta birni ta ɗauke shi ta yi masa rajistar farko da sunanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Saboda haka aikin farko da ke gabanku, ku iyayen ƙungiya, na takarda ne. Ku je ofishin wasanni na ƙaramar hukuma a nuna muku wakilin hukumar ƙwallo, ku yi wa ƙungiyar rajista da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Jihar Katsina, wadda ita kuma take ƙarƙashin ta ƙasa, NFF. Ku tambaya musamman yadda ake shigar da sunayen yara cikin rajistar na'ura, kada ku tsaya ga rasit kawai. Ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu, domin ba a zuba irin kuɗin nan a asusun mutum ɗaya. A gida kuma ku sayi babban littafi mai bango, ku ba malamin makaranta ko wani mai amana ya riƙe. Kowane yaro da shafinsa: sunansa da na mahaifinsa, hotonsa, ranar haihuwa, ranar da ya shigo, da sa hannun uba ko dangwalen yatsansa. Ran da wata ƙungiya ta zo neman yaro, ko ta Kankia ce ko ta Katsina ko ta Kano, kada a sallame shi da fatar baki. A rubuta takardar sallama, kowa ya riƙe kwafi. A farkon littafin nan ku rubuta shekarar da aka kafa ƙungiyar da sunayen waɗanda suka kafa ta tun suna raye ana iya tambayarsu, don tarihin ƙungiyar unguwa a bakin mutum biyu ko uku yake zama, in sun tafi ci-rani ba su dawo ba shi ke nan.

Maganar ranar haihuwa kuwa sai mun ɗan daɗe a kanta, don ita ce cutar da ta fi cin ƙwallon yara a ƙasar nan. Kowa ya san yadda ake yi. A kawo ƙato mai aske gemu a ce ɗan 15 ne, a ci kofi, a yi kiɗa. Wanda aka zalunta shi ne ɗan 14 na gaskiya irin naka, wanda aka bari a benci, ko aka saka shi aka karya masa ƙafa. Ita ma ƙaryar yanzu ba ta nisa. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Nijeriya a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, FIFA take amfani da na'urar MRI wajen ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Akwai wani ɗan tsagi a ƙashin da ke haɗewa idan mutum ya gama girma, da zarar an ga ya haɗe sai a cire mai shi. Nijeriya ta ɗauki wannan kofi sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta fi ta. Amma a 2016 na'urar ta kayar da yara 26 daga sansaninmu ana gab da wasa da Nijar. Muka ci ɗaya da nema a Abuja, suka ci mu uku da ɗaya a Yamai, masu riƙe da kofin duniya suka zauna gida. Don haka duk yaron da zai shiga littafinku ya zo da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma ranar da ke jikinta ta zo daidai da ta makaranta da ta katin ɗan ƙasa. In an yi ƙarya a takardar farko, ita za ta bi yaron har ƙarshen wasansa.

Game da tsarin renon kansa, ba sai da kuɗi masu yawa ba. Ku raba yara aji uku, 'yan ƙasa da 13, da 'yan ƙasa da 15, da 'yan ƙasa da 17, kada a cakuɗa su da manya. Ƙanana su buga a rabin fili, mutum bakwai bakwai, da ƙaramar ƙwallo mai lamba 4, domin a babban fili yaro sai ya wuni yana gudu bai taɓa ƙwallo sau biyar ba. Lokacin atisaye ya bi yanayin garin. Da damina, daga shuka zuwa maimai, sau biyu a mako bayan la'asar ya isa, uban da ya ga ƙwallo ta hana ɗansa noma shi ne zai fara tsine wa ƙungiya. Bayan an kai amfani gida sai a shirya gasa tsakanin ƙauyuka. Yaron da ya tsere wa makaranta, ta boko ko ta allo ko Islamiyya, a hana shi wasan mako. Wannan horo ya fi bulala shiga jikinsu, kowane mai koyarwa zai gaya maka. Filin ma kada ku sake da shi. Ku sami Mai Unguwa da Dagaci, a kai maganar gaban Hakimi da ƙaramar hukuma a rubuta cewa na wasan yara ne, tun kafin wata rana ku tashi ku tarar an kafa turaku an yanka fuloti.

Hanyar da yaro zai bi a gan shi tana nan kusa, ba ta buƙatar jirgi. Akwai gasannin makarantu, akwai na ƙananan hukumomi da na jiha, akwai kuma Kofin Ramat na 'yan ƙasa da 16 da ƙungiyar YSFON ke shiryawa a Kano cikin watan Fabrairu don tunawa da Janar Murtala Muhammed, inda jihohi ke kawo yaransu. Sama da gasar jiha akwai matakala uku: Nationwide League One, sai ta ƙasa mai daraja ta biyu, sai babbar gasa. Sani Kaita daga Kano Pillars ya tafi Sparta Rotterdam a 2005 bayan an gan shi a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20. Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato shi ma ta Pillars ya bi. Kyaftin ɗin yaran da suka ɗauko kofin duniya a 2013, Musa Muhammed, daga wata makarantar ƙwallo ta Kano ya fito.

Amma gaskiya ɗaya ce, Malam, ƙofar ƙunci gare ta. Babbar gasar Nijeriya ƙungiyoyi 20 ne. Ko kowace ta ɗauki 'yan wasa 40, mutum 800 ke nan a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, a cikin 800 ɗin ma sau nawa muka ji ana kukan bashin albashi? Yawancin yaran da ke filinku manoma za su zama, da 'yan kasuwa da malamai da direbobi. Shi ya sa nake ganin ƙungiyar da ta riƙe yaro talatin suna makaranta, suna zuwa gona, ba su zaman majalisar 'yan ƙwaya da shagon caca, ta biya kuɗin ƙwallonta ko da ba ta taɓa fitar da Kudus ba. In kuma Allah Ya sa a cikinsu akwai mai rabo, littafin nan mai bango shi zai dawo muku da haƙƙinku.

Shi yaronka, ka bar shi ya ci gaba da wasa a ajinsa, ka nemo masa takardar haihuwa a wannan watan in ba shi da ita, ka kuma zaunar da shi ka gaya masa dalilin da ya sa ka ƙi biyan kuɗin, don kada wani ya zuga shi ya sulale da dare. Akwai wasiƙa daga wajen Ingawa tana tambaya a kan koyon alƙalancin wasa da inda ake samun takardar shaidarsa, ita za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.